Rasuwar Farantin Hajiya Safiyyatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya cika har ya daina zafi, Malam Abdussamad Direba na unguwar Ranuna a nan Madina yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan zaman majalisa rasuwar Faranti, kwamfutar hannu ta matarsa marigayiya Hajiya Safiyyatu. Ya cika ranar Laraba tsakanin La'asar da Magariba, a kan cinyar mai wannan sanarwa, yana da shekara bakwai a duniya. Bai faɗi ba, ruwa bai shige shi ba, tsufa ma bai kai ga kayar da shi ba. Ƙari ne ajalinsa, wato kwaɗayin ɗora abu a kan abin da ya riga ya isa, haɗe da girman kan dattijon da ya ƙi ɗaga waya ya tambayi jikarsa. Laifi biyu ne, mai su ɗaya, kuma shi ne ya rubuta wannan takarda.

Marigayi ya shigo gidan nan ta hannun Munirat, babbar 'yar Malam, wadda ta sayo shi a unguwar Anbariyya a shekarar da gwiwa ta hana uwarta fita. Da aka miƙa wa Hajiya, sai ta juya shi gaba da baya ta ce, "Wannan ai faranti ne, ina kofunan?" Sunan ya bi shi har ƙarshen ransa.

Duk wanda ya zauna da marigayi ya shaide shi da haƙuri. Ya sha faɗowa daga kan gado bai yi ƙorafi ba. An zuba masa shayi mai na'ana'a, aka goge da gefen mayafi, ya ci gaba da aikinsa. Wata baƙuwa mai jiki ta taɓa zama a kansa tun daga cin abinci har aka sha gahawa, da ta tashi ya yi haske kamar ba a yi ba. Cikinsa ƙarami ne, kuma ya san haka, bai taɓa neman abin da ya fi ƙarfinsa ba sai da aka ɗura masa. Maganarsa kaɗan ce. In ya farka ya ce "tilin". In an buɗe gona, zakara ya yi cara sau ɗaya.

Amana biyu Hajiya ta bar wa marigayi.

Ta farko ita ce gonar. Wani wasan noma ne na kyauta, ana shuka ana girbi da yatsa. Shekara biyar Hajiya tana nomanta bayan sallar Walaha. Babu gero a cikin wasan, sai ta shuka alkama ta riƙa kiran ta gero, babu mai iya ja da ita. Tana da saniya ɗaya da kaji shida, kowace kaza da sunan wata maƙwabciya, sunayen da ba za a faɗa a nan ba saboda masu su suna raye. A gefen shinge ta bar wani ɗan fili, ba shuka ba gini. Filin jaki ne.

Waɗanda suka san Hajiya sun san labarin. Tana 'yar shekara takwas iyayenta suka baro ƙasar Damagaram da ƙafa suka nufo gabas, ita a kan jakin babanta, har wani ƙauye a Chadi inda hatsi ya ƙare aka sayar da shi. Ta ce tana jin kukansa har suka yi nisa. To, wata rana masu wasan suka kawo jaki a kasuwarsu, riyal goma sha tara, na mako ɗaya. Hajiya ta jira Malam ya ci ya ƙoshi, sannan ta nuna masa.

Malam ya ce, "Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina jan bas ɗin alhazai daga miƙatin Bi'ir Ali zuwa Makka, in ƙare da sayen jakin da ba ya cin harawa?"

Ta ce, "Ai rashin cin harawar ne ya sa yake da araha, Malam."

Ya yi mata wa'azi mai tsawo a kan wasa da ɓarnar dukiya. Ta saurara har ƙarshe, ta yi dariya, ta ce to. Mako ya ƙare, aka ɗauke jakin daga kasuwa. Ba ta sake tayar da maganar ba, filin kuma ba ta shuka komai a cikinsa ba.

Amana ta biyu ita ce muryarta. Rumaisa, 'yar Munirat, wadda ke jami'a yanzu, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take mayarwa, kamar sauran tsararrakinta. A shekarar ƙarshe ta rayuwar kakarta ta riƙa zuwa duk Alhamis, ta ajiye Faranti a tsakaninsu, ta kunna ɗaukar murya ta ce, "Yalla ya Sitti, faɗi." Sitti da Sidi, haka jikoki suke kiran kakanninsu a nan. Hajiya ta faɗi. Sunayen dangi na can gida har kaka na huɗu, garuruwan da suka bi da wanda aka binne a kowane, yadda ake kunun tsamiya ba irin na yaran yanzu ba, waƙoƙin daka na uwarta. Ɗauka sittin da uku. Ta ƙarshe ita kaɗai ta yi, ta kori Rumaisa ta rufe ƙofa, da ta gama ta sa aka rubuta a kai, "Na Malam". Minti goma sha ɗaya ce. Bayan rasuwarta Rumaisa ta nuna masa inda take ta ce, "Sitti ta ce kai kaɗai, ya Sidi."

Shekara biyu ke nan. Malam bai buɗe ta ba. Kullum yana cewa sai ranar da zuciya ta kwanta.

Kwana uku bayan an tashi daga zaman makoki, marigayi ya ce "tilin" a cikin ɗakin da babu kowa. Malam ya ɗauke shi da niyyar kashe shi ya yi shiru, hannunsa ya taɓa wani wuri, zakara ya yi cara. Ga gonar. Alkama ta nuna, kaji shida sun jeru kowace da alamar yunwa a kanta. Ya tsaya yana kallo. Daga nan ya ba su abinci.

Jama'a ku ji, wannan mutumin shi ne wanda yake karɓe wayar jikoki in sun shigo majalisarsa, ya tara a cikin kwano sai za su tafi. Shi ne ya taɓa tashi a walimar aure ya ce wasan waya ya cinye tarbiyyar 'ya'yan Hausawan Madina. Saboda haka ya ɓoye. Yakan rufe ƙofa bayan Walaha ya ce zai yi lazimi. Ya hana kowa taɓa Faranti, ya hana a fitar da shi daga ɗakinsa. Sau nawa Rumaisa ta ce a ba ta na yini ɗaya ta kwafe muryoyin, yana cewa kayan mamaci ba a yawo da su. Gaskiyar ita ce, tsoro yake kar ta buɗe ta ga an yi girbi jiya.

Daga nan ciwon ajali ya fara, a hankali, da fuskar alheri.

Masu wasan ba sa hutawa. Duk bayan 'yan makonni sai sun kawo sabon abu, wani kyauta, wani na saye. Malam ya riƙa leƙa kasuwarsu yana neman jaki. Babu jaki, amma akwai kududdufin kifi. Ya ce a ransa, abin da na hana ta da rai bari in ba ta yanzu. Ba ya sayen katin biya a Ranuna inda aka san fuskarsa. Sai ya hau mota har Anbariyya, shagon Nasrullahi mai gyaran waya, wani mutumin Kano, ya saya ya ce masa na jikoki ne. A zuwa na biyar Nasrullahi ya ce, "Baba, jikokin nan naka akwai son noma. Allah Ya yi musu albarka." Malam ya ce amin da fuska a murtuke.

Bayan kifi ya sayi injin niƙa mai fukafukai. Ya sayi layin dogo da tasharsa. Aka kawo damina ya karɓa, aka kawo ƙanƙara mai sauka daga sama, wadda Hajiya ba ta taɓa gani ba a rayuwarta, ita ma ya karɓa. Ya gina hasumiyar haska wa jiragen ruwa a gonar da babu teku. Ya sayi wata dabba mai gashi da har yau bai san sunanta ba, ba ta nono, ba ta ƙwai, zama kawai take yi.

A yi adalci, domin sanarwar rasuwa ba wurin ƙazafi ba ce. Masu wasan ba su yi wa kowa sata ba. Akwai masu zana musu waɗannan abubuwa, su ma suna da iyali, sai sun ci abinci. Kuma a cikin ƙarin akwai mai daraja. Ranar da ruwan sama ya fara sauka a gonar, da sautinsa a kan rufin bukka, Malam ya zauna bai motsa ba har aka ɗauke, ya ce da ta ga wannan. Wannan ɗaya ya ci kuɗinsa. Amma kowane ƙari yana da farashi na biyu wanda ba a rubuta a jikinsa. Yana cin wuri a cikin marigayi, yana cin lokacin mai shi. Aikin da Hajiya take gamawa kafin shayinta ya huce ya koma har kiran Azahar. Jirgin ƙasa yana jiran kaya, kifi yana jiran abinci, baƙi suna jiran hidima. Wata safiya Malam ya nemi kajin nan shida ya rasa, sai da ƙyar ya gano su a bayan tashar jirgi, a matse. Ya duba gonar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, abin da ya rage na hannun Hajiya shi ne ɗan filin da babu komai.

Marigayi ya fara nuna alamu. Yakan daɗe kafin ya farka. Jikinsa ya riƙa zafi. Carar zakara ta koma tana yankewa a tsakiya, ya yi rabi, ya tsaya, ya ƙarasa. Lokaci zuwa lokaci yakan rubuto cewa ciki ya cika. Malam ya riƙa yi masa sassauci yadda ya iya. Ya goge hotunan bukukuwa, ya ce suna wayoyin mutane. Ya goge karatun da Hajiya take saurara, ya ce akwai rediyo. Duk wurin da ya samar, kafin wata biyu wani ƙarin ya zo ya zauna a ciki.

Juma'ar da ta gabaci rasuwar, Munirat ta shigo gyara ɗaki ta tarar da Faranti da ɗumi a ƙarƙashin matashi. Idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauka muryar uwarta Malam yake saurara a ɓoye, shi kuma ya bar ta a kan haka. Ta duba ta ce, "Abuya, cikinsa ya cika, dab yake. Don Allah kar ka taɓa komai. Juma'a mai zuwa zan zo da filasha mu kwashe muryar Ummi, khalas, shi ke nan, ko ka yarda ko ba ka yarda ba." Filasha shi ne ɗan ƙarfen nan da ake zuba ajiya a ciki. Malam ya ce Allah Ya kai mu.

Ranar Litinin jaki ya dawo kasuwa.

Shi ne dai, toka-toka, mai farin baki. Sai dai wannan karon ba shi kaɗai aka kawo ba, a cikin wani babban ƙari yake, da duwatsu da ayari da wani sabon gari, kuma an rubuta kwana uku, wanda bai saukar da shi a cikinsu ba ya rasa, ana ƙidaya sa'o'in a gefe. Malam ya biya. Marigayi ya ce babu wuri, ya jero abubuwan da ke cikinsa daga babba zuwa ƙarami. Na sama shi ne wasan. Na biyu muryoyin. Sauran duka ko an share ba za su isa ba.

Kwana biyu Malam yana zagaya wannan magana. Juma'a tana bayan Laraba, wannan kowa ya sani. Ya ce wa kansa ai Rumaisa ce ta ɗauka, yaran yanzu komai yana cikin wayarsu, ba yadda za a yi a ce ba ta da su. Wayarsa tana aljihun gaba. Kira ɗaya ne. Amma in ya kira za ta ce, "Lesh ya Sidi, don me? Me za ka yi da wurin?" kuma sai ya faɗa wa 'yar cikin 'yarsa cewa jaki zai saka.

Ranar Laraba ya dawo daga La'asar ya rufe ƙofa, ya zaɓi muryoyin duka zai goge. A nan dole a yi wa marigayi shaida ta ƙarshe: bai yi gaggawa ba. Ya tambaya, ka tabbata? Malam ya danna. Ya sake tambaya, ya ce abin da aka goge ba ya dawowa. A lokacin "Na Malam" tana nan a ƙasan jerin, ana ganin ta. Minti goma sha ɗaya ce kawai, kuma akwai sauran fiye da sa'a biyu kafin wa'adin jaki ya cika. Yana da lokacin. Ya kalle ta, ya ce sai ranar da zuciya ta kwanta, a wayar Rumaisa. Ya danna.

Ƙarin ya fara shiga. Wani siririn layi ya riƙa cika kaɗan-kaɗan, marigayi yana ƙara zafi har sai da Malam ya sa matashi tsakaninsa da cinyarsa. Dab da Magariba layin ya cika. Zakara ya yi rabin cara bai ƙarasa ba. Gonar ta buɗe da ƙyar. Malam ya ja jakin da yatsa, ya tsallake layin dogo da kududdufi, ya ajiye shi a filinsa. Jakin ya kaɗa kunne, ya ɗaga kai, ya yi kuka sau ɗaya. Fuskar marigayi ta dushe, ta yi baƙi. Aka kira salla.

Alhamis da safe aka garzaya da shi Anbariyya. Nasrullahi ya karɓe shi, ya shinshina wurin caja, ya ce a bar shi kwana biyu. Bai yi maganar jikoki ba.

Juma'a Munirat ta zo da Rumaisa, da filasha a hannu. Malam ya zaunar da su ya faɗi komai, tun daga kajin har kati har jaki, bai rage ba. Sannan ya dubi Rumaisa ya ce, "Amma ai kina da su a wayarki."

Yarinyar nan da ba ta taɓa mayar masa da magana da Hausa ba, sai ga shi da Hausa ta ce, "Babu, Sidi. Guda ma babu. Kai ka hana."

Munirat ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye filashar a kan darduma, ta shiga kicin, aka ji tana wanke kofunan da aka riga aka wanke. Da ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Jakin ya zo?"

Ya ce ya zo.

"Ka sa shi a filin da ta bari?"

Ya ce a nan ya sa shi.

Ta ce, "Tun a wancan lokacin na ce mata in saya mata, riyal nawa ne. Ta ce a'a, na Malam take jira."

Asabar Nasrullahi ya yi bayani. Ya ce ya samu ya farfaɗo da marigayi na ɗan lokaci a kan teburinsa, ya shiga ya bincika lungu-lungu. Ya ce abin da aka goge wani lokaci akan tono shi, matuƙar ba a zuba wani abu a gurbinsa ba. "Amma Baba, an zuba. Duwatsun nan da ayarin da jakin, a daidai wurin suka zauna." Gonar ma ba a taɓa ɗaure ta da sunan kowa a wurin masu wasan ba, a cikin marigayi kaɗai take. Daga nan Faranti ya sake sumewa, bai kuma farkawa ba.

Marigayi ya rasu ya bar caja ɗaya mai ɗaurin baƙin salatif a wuya, wadda har yanzu take maƙale a bango. Ya bar rigarsa ta atamfa da Hajiya ta ɗinka masa da hannu daga ragowar zane. Ya bar rediyon ɗaki, abokin zamansa, da katunan biya da aka kankare bayansu, cike da gwangwanin alewa. Saniya da kaji shida ba a san halin da suke ciki ba.

Abokan majalisa sun san Malam ba ya rufe zance sai da karin magana, har wasu na cewa ya yi yawa. A wannan karon ya duba bai sami wadda ta dace ba. Masu tambaya ko yana kuka, ba ya yi. Yana cin abinci, yana zuwa masallaci. Bayan Walaha yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa saboda sabo, ya zauna har Azahar.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi salla ba, domin marigayi ba ɗan Adam ba ne, kada wani ya je ya ce Malam ya kawo bidi'a da tsufansa. Nasrullahi ya riga ya goge shi da auduga. Za a mayar da shi cikin rigarsa ta atamfa, ranar Litinin bayan La'asar a ɗauke shi daga Ranuna zuwa Anbariyya, inda ake tara matattun na'urori. Malam zai riƙe shi da kansa, Munirat za ta ja mota. Ba a bukatar rakiya.

Za a karɓi gaisuwa kwana uku a gida, daga La'asar zuwa Magariba, maza a majalisa, mata a ciki. Akwai gahawa da dabino. Kada kowa ya kawo sabuwar na'ura, ba za a karɓa ba. A wannan zama ba za a tara wayar kowa a kwano ba. Roƙon da iyali suke yi shi ne kowa ya zo da tasa, musamman mata maƙwabta da dangi na Makka da Jidda. Ku duba tsofaffin saƙonni. Duk wadda Hajiya Safiyyatu ta taɓa aika wa murya, ko faɗa ne, ko cigiyar tukunya, ko sallama kawai da "kuna gida?", ta taimaka ta kawo. Rumaisa za ta zauna a ƙofar ciki da filasha. Zuwa yanzu an samu guda biyu, ɗaya daƙiƙa tara, ɗaya daƙiƙa huɗu.

Kuɗin da ya tafi ba za a lissafa ba, ba shi ne asarar ba. Abin da Malam Abdussamad ya samu shi ne jaki ɗaya, ya gan shi sau ɗaya, ya ji kukansa sau ɗaya. Abin da ya rasa kuwa: gonar shekara bakwai, biyar na hannunta. Sunayen dangi har kaka na huɗu, waɗanda babu mai rai a Madina da ya san su yanzu. Garuruwa goma sha wani abu na hanya, da kaburburan da ke cikinsu. Waƙoƙin daka. Ɗauka sittin da biyu da aka yi domin jikoki, ba nasa ba ne, ya taɓa. Da ɗaya tasa, minti goma sha ɗaya, wadda bai buɗe ba.